Gadon Baƙuwa da Karan Dawa

SHAFI NA 11

Masu turo mini saƙo suna cewa "Malam Aƙilu, ko mutuwa ka yi ne?", ban mutu ba. Haihuwa aka yi mini. A shekaruna bambancin kaɗan ne, don duk wanda ya shigo gidan da tausayi yake kallona.

Mun tsaya inda matata Mansura ta sauka lafiya, aka samu mace, bayan shekarun da har dangi sun gaji da kawo mana sassaƙe. Surukata Inna Hansai ta taso daga Gozaki da ɗan buhun kanwa da tukunyarta ta wankan jego, ta kama uwar ɗaki. Ni aka mayar da ni ɗakin zaure, tare da buhunan masarar da nake sayarwa. Buhunan sun karɓe ni hannu biyu.

Tun ranar ban sake leƙa uwar ɗaki ba. Inda suruka take, ba na shiga. Daga tsakar gida nake gaisuwa, a durƙushe, ido a ƙasa, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Saura kwana uku suna. Amma akwai matsala.

Mansura ba ta barci.

Ba ita ta faɗa mini ba. Inna ma ba ta yi mini magana kai tsaye, kunyar suruki ta hana. Kajin gidan take gaya wa, da ƙarfi, lokacin da ta san ina alwala.

"Ku kaji ku shaida, yarinyar nan a zaune take kwana. A kwantar da baƙuwa gefenta, ta miƙe zaune. In ɗauke ta in kai tabarmata, ta bi mu da ido har gari ya waye. Kusa ba dama, nesa ba dama. Ruwan nono ma ya fara ja baya. In gidan nan da mai shi, to ya ji."

Mai shi ya ji.

Na ɗauki waya na tura wa Mansura saƙo, bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Lafiya ba kya barci?"

"Malam, ba zan iya kwanciya kusa da ita ba."

"Me ya sa?"

Ta karanta. Ba ta amsa ba.

Da safe da ta fito wanka na ga idanunta. Sun faɗa ciki. Tana tafiya tana dafa bango. Na ce a raina in aka ci gaba a haka, ranar suna a asibiti za mu raba dabino.

Sai na tuna wani bidiyo da na taɓa gani a waya: ɗan gadon jariri mai gefe ɗaya a buɗe, ana manna shi jikin gadon uwa. Jariri yana wurinsa, uwa tana wurinta, hannu kawai za ta miƙa. Sharaɗinsa ɗaya, tsayinsa ya zo daidai da na gadon uwar.

To ya zan auna gadon da ba ni da ikon gani?

Nan basira ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum sau ɗaya a rayuwa, ta bar shi da kunya. Gadon nan na san shi tun ranar da aka kawo Mansura. In na tsaya gabansa, katifar saman gwiwata take taɓawa. Na zari karan dawa daga dangar maƙwabci, na jingina shi da ƙafata, na karya daidai wurin.

Na hau babur da karana a hannu kamar mai zuwa kiwo.

*

Shagon Hajiya Bushra na kayan jarirai yana bakin kasuwar Funtua. Mata ne cike. Ina shiga hira ta tsaya.

"Sannu da zuwa Alhaji. Na jika ake nema?"

"Na 'yata ne."

"Masha Allah, yaushe ta haihu?"

"Ita aka haifa."

Hajiya ta kalli furfurar gemuna. Ta kalli karan. Ta sake kallon gemun.

"Allah mai iko."

"Haka likita ma ya ce."

Wata mata ta toshe baki da gyale.

"Hajiya, gadon jariri nake so."

"Kun zo gidansa. Ga wannan, ɗan waje ne, da batir yake aiki."

Ta danna wani maɓalli. Gadon ya fara lilo da kansa, yana wani kiɗa siriri, wasu 'yan tsana suna zagaye a sama.

"Kashe, Hajiya, kashe. In surukata ta ga gado yana motsi ba mai taɓa shi, malamin ruƙiyya za ta kira mini."

"To ga wannan, mai ƙarfe, ko ya fara rarrafe ba zai fito ba."

Na zagaya shi. Sanduna ta ko'ina, dogaye.

"Wannan ai irinsa nake tara zabi a ciki. Kuma duk kukan da za ta yi, sai maijego ta miƙe tsaye ta sunkuya?"

"Kai Alhaji, ka fi masu ciki tsirfa."

"Na fi su daɗewa ina jira."

Sai ta shiga ciki, ta jawo wani daga bayan kwalaye. Na katako ne, ba fenti mai yawa, gefe uku a tsare, ɗaya a buɗe. Da 'yar katifarsa da ɗan gidan sauronsa.

"Wani kafinta ke yi mini a nan garin. Ba a cika sayensa ba, ba ya kiɗa."

Na danna katifar da yatsa.

"Da tauri. Ba mai laushi? A haɗa mini da ɗan filo."

"Filo na tsofaffi ne irinku masu ciwon wuya. Jinjiri in wuri ya yi laushi fuskarsa nutsewa take yi. A kwantar da ita rigingine, ba filo, ba tarkace. Kuma a matse shi jikin gadon uwar, kada a bar rami tsakani."

Na girgiza gadon, bai motsa ba. Na shafa katakon ko zan ji tsini, babu. Na ɗora gwiwata a kai in gwada ƙarfinsa.

"Alhaji! Na jariri ne, ba na uban jariri ba!"

Sai na ɗauko karana. Na tsayar da shi jikin gadon.

Daidai. Ko ƙwayar gero ba ta shiga tsakani.

Jama'a, ban taɓa jin kaina injiniya ba sai ranar. Na juya na kalli matan nan ɗaya bayan ɗaya, don su san gemun nan ba a banza ya yi fari ba.

*

Bayan la'asar na iso gida, gado ɗaure a bayan babur. Inna tana bakin murhu, ruwan wankan yamma yana tafasa, ganyen darbejiya yana juyi a ciki.

Na sauke gadon a tsakar gida. Na durƙusa.

"Barka da aiki, Inna."

"Barka kadai."

Ta kalli gadon ta gefen ido. Ta juya wajen kaji.

"Ku kaji, wannan akwatin na mene ne?"

Ni ma na juya wajen kajin.

"Ku gaya wa Inna gadon baƙuwa ne. Jikin na uwarta za a manna shi."

Wata baƙar kaza ta kalle ni, ta kalli Inna, ta bar wurin. Ta fi ni wayo.

"Ku ce masa duk 'ya'yan da na haifa a jikina suka kwana. Ɗumin uwa ke raya jinjiri, ba katako ba."

"Ku ce mata ɗumin yana nan, hannu kawai za a miƙa."

"Ku ce masa a Gozaki ba a yi."

"Ku ce mata a Gozaki ma da can ba a waya, yanzu ga ta ƙulle a bakin zanen Inna."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Na ƙara sunkuyar da kai.

Inna ta ajiye muciyar da take tura itace da ita. Ta daina kallon kaji. Muryarta ta sauka.

"Katako mai gefe-gefe, a ɗauki jinjirar da ko suna ba a yi ba a shimfiɗe ciki. Ba a ga da me ya yi kama ba? A gidan da aka taɓa..."

Ba ta ƙarasa ba.

Ba sai ta ƙarasa ba. Mun taɓa haihuwa, shekarar farko ta aurenmu. Namiji. A Gozaki Mansura ta yi jegon, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Bai kai suna ba. Ina Funtua aka aiko, kafin in isa an kai shi. Aka ce mini Allah ya karɓi abinsa, na ce Allah ya sa mai ceto ne. Daga ranar ba wanda ya sake ɗaga zancen. Ɗan fari ne, ko yana raye ba a zancensa, balle ya tafi.

Na kalli gadon. Sai na ga abin da Inna ta gani.

Labulen uwar ɗaki ya ɗaga.

Mansura ce, jaririya a kafaɗa, tana riƙe da ƙyaure don kada ta faɗi.

Ta bayanta na hango cikin ɗakin.

Babu gado.

Wato akwai, amma kwance shi aka yi gunduwa-gunduwa, an jingine da bango. Katifa tana ƙasa, shimfiɗe kan leda.

"Ina... ina gadon?"

Inna ta amsa, kuma wannan karon har da ɗan murmushi.

"Ku kaji, a ina aka taɓa ganin maijego tana hawa bisa tana sauka da ɗanyen jiki? Ranar da na zo na sa aka kwance shi."

Na kalli karan dawa a hannuna. Na kalli katifar da ko idon sawuna ba ta wuce ba. Gadon da na sayo, in an ajiye shi gefenta, sai Mansura ta nemi tsani.

Injiniya ya mutu a wurin. Ko jana'iza bai samu ba.

"A mayar wa mai shi," in ji Inna. "Allah ma bai nufa ba."

"Inna."

Muryar Mansura ce, a dushe.

"Ki bari ya shigo da shi."

"Ke koma ciki, iska na kaɗawa."

"Don Allah ki bari. Ko a sama yake, zan iya. In dai ba a katifa ɗaya ba."

"Wai me katifar ta yi miki? Kwana nawa ina tambayarki?"

Mansura ta sulale ta zauna a bakin ƙofa. Ta ƙanƙame jaririyar.

"In na yi barci zan danne ta."

"A'uzubillahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Kamar yadda na danne wancan."

Tukunya tana ta tafasa. Ba wanda ya kula ta.

"Me kika ce?"

"Ni na kashe shi, Inna. Na yi barci mai nauyi. Na farka na gan shi a gefena, a lulluɓe, ya yi sanyi. Kuka yi shiru don ku rufa mini asiri. Amma na ji. Ranar zaman gaisuwa ina bayan labule aka faɗa, barcin yaran yanzu, danne shi ta yi."

Ta juyo wajena, ba ta iya haɗa ido da ni ba.

"Malam, ka yafe mini. Kullum in na ce zan faɗa maka, sai in kasa."

Na ajiye karan dawan a ƙasa. Shekarun nan duka muna kwana ɗaki ɗaya da matar nan, ina ganin na san ta kamar yadda na san tsayin gadonta.

Inna ta tashi. Ta zo ta zauna a ƙasa gaban 'yarta, ta manta da ni, ta manta da kunya.

"Mansura, kalle ni."

Ta ƙi.

"Na ce ki kalle ni. A cinyata ya cika."

Mansura ta ɗago.

"Shawara ce. Idanunsa sun yi kamar gwaiduwar ƙwai, ya daina kama nono, ke kina fama da zazzaɓi ba ki san inda kanki yake ba. Na ɗauke shi daga wajenki tun da yamma. Babanki ya yi maganar motar da za ta kai mu asibiti Malumfashi da safe. Bai jira motar ba. Ina riƙe da shi, ina kallonsa."

"Amma a gefena..."

"Ni na kwantar da shi. Na lulluɓe shi na ajiye kusa da uwarsa, na fita in taso Babanki. Kafin in dawo kin farka kina ihu."

"Inna, kada ki faɗa don ki kwantar mini da hankali."

"Ina da furfura, ina shirin haɗuwa da Ubangijina, in yi miki ƙarya kan gawa? Wallahi ko gefen zanenki bai taɓa shi ba."

"To me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki taɓa tambaya ba? Ɗan fari ne. Na ɗauka in na yi shiru ciwon zai rufe. Ashe ni ina shiru da nawa, ke kina shiru da wani daban."

Kukan da Mansura ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Ba mai ƙara ba ne. Kamar an kwance bakin buhu ne a hankali. Inna ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa, jaririya a tsakiyarsu tana ta barcinta, ita da ake yi dominta.

Ni kuma wani abu ya faɗa mini a ido. Hayaƙin murhu ne. Kowa ya san itacen darbejiya da hayaƙi.

Can Mansura ta share fuska.

"Na yarda, Inna. Amma jikina bai yarda ba tukuna. In na rufe ido sai in ji kamar..."

Inna ta daɗe tana kallon gadon. Ta tashi ta zagaya shi. Ta shafa gefen da yake a buɗe. Ta zura hannu ciki ta fito da shi, ta sake zurawa.

"Ashe nan ɓangaren babu katanga."

Ta sake shafa gefen.

"Abin da aka bar wa ƙofa ai bai yi kama da wancan ba."

Sai ta juyo. Ta kalle ni. Ni, ba kaji ba.

"Malam Aƙilu, kana da zarto?"

Tun da na auri 'yarta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na kusa waigawa in ga ko wani Aƙilun ne ya shigo.

*

Na aro zarto wajen maƙwabcin da na sace wa kara.

Inna ta shiga ta auna kaurin katifar da taƙin hannunta, ta fito ta zana wa ƙafafun gadon alama da gawayi.

"Nan za ka yanke."

Na yanke ta farko daidai. Ta biyu ta ɗan karkace. Na rage ta farko don su daidaita. Sai ta uku ta fi su tsawo. Na rage ta uku, ta huɗu ta ɗaga sama kamar kare a gindin bango.

"Malam," in ji Mansura daga bakin ƙofa, "a bar mata ko na tsayuwa."

Dariya ce a muryarta. Rabona da jin wannan tun kafin watan haihuwa.

Da na gama, ƙafafun sun koma kamar na kujerar tsakar gida. Inna ta duba alamar gawayinta, wadda na wuce tuni.

"Shigo da shi mu gani."

"In shigo?"

"To kaji za su ɗauka?"

Na cire takalmi na shiga ɗakina kamar baƙo. Na ajiye gadon jikin katifa, na matse shi, na sa buhun kanwar Inna ta baya don kada ya ja. Na shafa tafin hannu daga katifar Mansura zuwa 'yar katifar. Ba tudu, ba rami.

Daidai.

Ban ce komai ba. Na koyi darasi game da murnar daidai.

Inna ta ɗauko wani tsohon zanenta mai laushi, ta shimfiɗa, ta cusa bakinsa ƙarƙashin 'yar katifar har ya ɗame. Ta yi bisimilla ta kwantar da baƙuwa rigingine. Yarinyar ta yi miƙa, ta murtuke fuska, ta ci gaba da barci. Hancina ne sak a fuskarta. Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa.

Mansura ta kwanta a hankali, kamar mai taka ruwan da ba ta san zurfinsa ba. Ta miƙa hannu ta buɗaɗɗen gefen, ta kama 'yar ƙafar 'yarta.

"Ina jin ta," ta ce.

"Tana nan," in ji Inna. "Ni ma ina nan."

Inna ta yi mini alama da kai. Na fito.

Ina tsakar gida ina tattara guntayen katako, na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Sai shiru. Sai wani sauti.

Minshari.

Jama'a, na ji wa'azi masu daɗi a rayuwata, na ji kuɗin masara ya tashi ina da kaya a ƙasa. Ban taɓa jin abin da ya kai minsharin nan daɗi ba.

Inna ta fito tana saɗaɗa. Ta kalli tukunyar wankan da ta riga ta huce. Inna da ko ruwan sama ake ba ta ɗaga wankan yamma, ta ɗauki faifai ta rufe tukunyar.

"Na yau ya wuce. Ta yi barcinta."

"Allah ya saka da alheri, Inna."

Fuskarta ta canja.

"Kafin barci ya ɗauke ta na tambaye ta wadda ta yi maganar nan ranar zaman gaisuwa."

Na miƙe tsaye.

"Ta faɗa?"

"Ta faɗa."

"Wace ce?"

"Jibi suna, Malam Aƙilu. Ka tabbata kana son ji yanzu?"

Kafin in amsa, napep ta tsaya a ƙofar gida. Na ji ana sauke kwanuka. Na ji wata murya da na sani tun ban iya ɗaura wando ba, muryar babbar yayata da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, Yaya Barakatu ta Dayi.

"Salamu alaikum! Ina uban baƙuwa? Ina maijegon, ko har yanzu barcin nata take?"

Inna ba ta amsa sallamar ba.

Ta kalli ƙofar zaure. Ta kalle ni. Ta kalli hannuna.

"Fara ajiye zarton nan tukuna."